Garmahon Ɗangoggo Mai Gwanjo

Duk wanda ya zauna a Nyanya a shekarun da ake kwaso gwamnati daga Legas ana juye ta a Abuja, in dai ya taɓa neman tsohon gado ko fanka mai sauƙin kuɗi, to ya san Ɗangoggo. Sunansa na yanka Badaruddeen, amma ko shi kansa in aka kira shi da shi sai ya waiwaya ya ga ko da wani ake. Mahaifiyarsa, Hussaina, ta rasu yana goye, a wani ɗan gari yamma da Zariya. Ƙanwar ubansa, Rabi'atu, ita ta ɗauke shi ta goya, kuma da yake Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta juye masa duk son da ta tanada. Ko rijiya za ta je sai an riƙe shi yana tsala ihu. Daga nan sunan ya samo asali, ya biyo shi har Abuja, ya ƙi sakinsa har ya yi gemu.

Ya zo Abuja tun tana rabin daji, lokacin da in ka tambayi Wuse sai a nuna maka tulin yashi da katafila. Da shayi ya fara, yana dafa wa leburori a gefen wani gini da ya ƙi ƙarewa. A nan ya lura da wani abu: duk ma'aikacin kwangilar da ya gama aiki zai koma garinsu ba ya son jan katifa da tebur. Ɗangoggo ya riƙa karɓa a wulaƙance yana sayar wa sababbin zuwa da daraja. Kafin a ankara ya kife tukunyar shayi, ya kafa rumfar gwanjo a bakin titi.

Da aka ce ma'aikata su tattara nasu-ya-nasu su baro Legas kuwa, sai kakarsa ta yanke saƙa. Manyan motoci suka riƙa isowa ɗauke da kayan da aka yi shekaru ana tarawa, su kuma gidajen da aka raba wa mutane a Garki ba don irin wannan tarin aka gina su ba. Sai ka ga babban ma'aikaci sanye da kwat yana gumi a matattakalar bene, kabad ɗinsa ya maƙale a kwana, ba gaba ba baya. A ƙasan benen kuwa ga Ɗangoggo tsaye, hannuwa a baya, yana kallon sama kamar hadari yake dubawa. Bai taɓa cewa a sayar masa ba. Jira yake har mai kabad ya gaji ya sauko da ƙafarsa.

Sana'ar tasa tana da ƙa'idoji, ya kuma riƙe su gam. Kada mai kaya ya taɓa gane abin da kake so. In gado ya kawo ka, to ka tsaya ka yi ta kushe fanka. Duk abin da ka ji mai shi yana yabo, shi yake neman rabuwa da shi. Ingancin kaya kuma a nauyinsa yake, don Ɗangoggo bai yarda da abin da zai iya ɗagawa da hannu ɗaya ba. Abin ya shiga jininsa har ya wuce kasuwa. Lokacin da yake son Juwairiyya, 'yar wani mai hatsi a Suleja, wata da watanni ya yi yana zuwa ƙofar gidansu yana kushe wa uban masara, har wani tela ya kusa riga shi. Sai da Goggo ta hau mota tun daga gida ta zo ta faɗi abin da ke kawo shi. Duk da haka da wannan ilimin ya gina ɗaki biyu na bulo, ya kuma yi suna cewa ba a taɓa cutarsa a ciniki ba. Shi ya fi kowa yaɗa wannan labarin.

Abu ɗaya ne a duniya yake so da bai san ta inda zai kushe shi ba. A ƙasan adakar Goggo, naɗe cikin tsohon zane, akwai wani baƙin faifan garmaho mai kauri. Tun kafin a haife shi, wasu mutanen kamfanin faifai suka zo garinsu da na'ura a bayan mota, suna bi gari-gari suna ɗaukar waƙoƙi. Suka tarar da 'yan mata suna gaɗa a dandali, suka ware huɗu, kowace ta ba da baiti ɗaya sauran suna amshi da tafi. Hussaina na cikinsu, ƙawarta Rabi'atu ma na ciki. Uban Ɗangoggo ne ya sayo faifan a wani kanti a Zariya lokacin da yake neman auren Hussaina. Garmaho ɗaya ne a garin, na wani tsohon soja, shi ma ya lalace kafin yaron ya yi wayo. Uban ya rasu. Cikin sauran 'yan matan biyu ɗaya ta rasu, ɗayar ta bi miji hanyar Makka a ƙasa, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Hussaina ba ta bar hoto ba. Ke nan duk abin da ya rage nata a doron ƙasa murya ce guda cikin huɗu, kuma mutum ɗaya ne zai iya nuna ta.

Ya daɗe yana cewa wata rana. Sai ga Goggo a Abuja a shekarar da gwamnati ta tare, ciwon suga ya kawo ta ganin likita a Gwagwalada, kuma da yake ba ta yarda ta bar wa kowa adakarta ba, da ita ta zo. Ɗangoggo ya lura sai an maimaita mata magana. In Juwairiyya ta gaishe ta daga bakin ƙofa, sai Goggo ta amsa wata tambayar da ba a yi mata ba. Wata safiya tana shan koko babu sukari, tana yamutsa fuska, ta ce masa, "In kana so in nuna maka muryar Hussaina, ka nemo abin nan tun kunnena na aiki. Wace ce ta fara, wace ce ta biyo, duk ya ɓace mini. Amma in na ji ta zan gane ta."

Ya ji tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji a kasuwa ba.

Abin haushi, a 'yan watannin nan garmahon da aka yi masa tayi ya ƙi sun fi a ƙirga. Kowa ya koma kaset, har direbobin tasi, mutanen Legas kuma suna ta neman wanda zai rage musu waɗannan akwatunan. Shi kuwa yakan ce ba ya sayen abin da sai an haɗa da addu'a kafin ya fita daga rumfa. Yanzu ga shi yana nema, bai kuwa san gabansa da bayansa ba, tunda bai taɓa ɗora allura a kan faifai ba. Rumfar da ke jikin tasa ta Thaddeus ce, mutumin Kafanchan mai gyaran rediyo, wanda kullum suke cin shinkafa a benci ɗaya. Tambaya ɗaya ta isa. Amma tambaya nuna buƙata ce, kuma maganar da ta shiga rumfar mai gyaran rediyo ta shiga kasuwa. Ban da haka, ta yaya magidanci mai gemu zai buɗe baki ya ce wa wani ƙato yana son jin uwarsa tana gaɗa? Ya gwammace ya yi abinsa shi kaɗai.

Ya duba wani a Karu, ya tarar babu allura. Ya duba wani a Wuse, yana ɗaga murfi kyankyasai suka fito gaisuwa. Sai wata Asabar Madam Perpetual ta aiko a kira shi. Sakatariya ce a wata ma'aikata, 'yar Jos, amma Legas ta cinye rabin rayuwarta da rabin Hausarta. Mijinta ya rasu, an ba ta ɗan gida a saman bene a Garki, tana so ta rage gado da kujeru. An tsegunta wa Ɗangoggo cewa akwai kayan kiɗa a gidan, saboda haka ya sa faifan a jaka, ya rataya, ya rufe da babbar riga.

Yana shiga falo ya gan ta. Doguwar na'ura ce ta katako mai sheƙi, ta cinye bango guda, lasifika dama da hagu, fararen maɓallai a jere, da murfin gilas a kan farantin da ake ɗora faifai. Nan take ya juya mata baya ya nufi gado, ya yi ta girgiza shi yana neman inda zai yi ƙara. Sai da ya gama da gadon da kujerun, ya gano musu cututtukan da mai su ba ta san da su ba, sannan ya nuna na'urar da haɓa.

"Madam, wannan tarkacen fa, a nan za ki bar shi yana cinye miki wuri?"

"Wane tarkace? Oga, music centre ne fa. Maigidana ya saya shi a Lagos, brand new." Ta dube shi ta saman tabarau. "Kana da plate ne? Wane iri? Na roba, ko mai nauyi na zamanin da? Ka kawo mu yi testing, akwai wuta."

Faifan na nan a ƙarƙashin hammatarsa, yana jin gefensa a haƙarƙari. Miƙa hannu kawai zai yi. Amma horon shekara da shekaru ba ya sakin mutum don kawai yana cikin buƙata. Ya yi 'yar dariya.

"Ina ni ina faifai, Madam. Katakon nake dubawa, ko kafinta zai fitar da kabad a jiki."

"To in kiɗa ne, ga wannan." Ta jawo wani ɗan akwati mai hannu daga bayan kujera, duk ya koɗe. "Na babana ne. Ba shi da kyau, amma kowane plate yana ci, tsoho da sabo. Very strong."

Ɗangoggo ya ji yabo, sai ya san inda aka dosa. Don kada a ce bai duba ba, ya ɗaga ɗan akwatin da yatsa biyu ya ajiye. Ya je ya kama gefen babbar na'urar, ya yi nishi, ko gezau ba ta yi ba. Magana ta ƙare. Aka shiga cinikin gado da kujeru, ya yi ta jan ƙafa, ya kai bakin ƙofa ya dawo, har Madam ta gaji ta ce ya haɗa da na'urar ya kwashe. Yana fita ma ta ce ya ɗauki ƙaramin kyauta, ita dai ta huta da goge shi. Ya ce mota ta cika. Shi ba a mayar da shi mai kwasar bola. Ya sauko daga benen yana tausayin 'yan boko, ga karatu da yawa amma ba su san ciniki ba.

Irin wannan kaya ba ya shiga gida a ɓoye. Ƙartin da suka sauke shi sun yi ta nishi da salati har unguwa ta fito. Ƙofar ɗaki ma ta ƙi karɓarsa, sai a tsakar gida aka girke shi, aka jawo waya ta taga. Juwairiyya kuwa, wadda ya roƙa kada ta gaya wa kowa, ba ta gaya wa kowa ba sai mace ɗaya. Ana idar da sallar la'asar tsakar gidan ta cika da matan maƙwabta, da mazansu da suka ce sun zo kiran matan ne, har da mai wanki da guga na bakin layi. Sirrin da ya hana wa Thaddeus, wanda a Mararaba yake kwana, ga shi a hannun rabin Nyanya.

Aka shimfiɗa wa Goggo tabarma dab da lasifika. Ɗangoggo ya warware zanen, ya goge faifan da gefen rigarsa, ya ɗora da bisimilla. A kusa da farantin akwai wani maɓalli mai lamba biyu, 33 da 45. Ya bar shi inda ya same shi, ya sauke allura.

Aka ji ƙara kamar ana suya, sannan wani gurnani ya taso daga cikin katakon, irin na bijimin da aka kayar. Wata mata ta ja ɗanta baya. Wani ya fara dariya ya mayar da ita tari. Gumi ya karyo wa Ɗangoggo. Ya yi sauri ya murɗa maɓallin zuwa ɗaya lambar, tunda dai babba ta fi ƙarama, ya mayar da allurar farko. Wannan karon abin ya yi kama da mutane. Muryoyi ne masu kauri, masu jan jiki, kamar 'yan dako sun sauke buhuna suna waƙa da sauran numfashi. Tafin ma ɗaya bayan ɗaya yake faɗowa. Ana jin Hausa ce, amma kowace kalma sai ta yi miƙa kafin ta wuce.

"Ai haka waƙar da take," in ji wani dattijo mai gadi. "Mutanen da ba su da garaje."

Kowa ya gyaɗa kai, tunda an samu wanda ya sani.

Ɗangoggo ya tsuguna gaban Goggo. Ta karkata kunnenta mai dama-dama wajen lasifikar, ta runtse ido. Baiti na farko ya ja jiki ya wuce. Na biyu ya shigo, ta buɗe ido, ta dubi na'urar tun daga wannan ƙarshen har wancan, ta dubi mutanen da suka cika gidan, sannan ta dube shi. Rigarsa ta jiƙe, bakinsa a ɗan buɗe, kamar lokacin da yake yaro yana jira ta kwance ƙullin da ta zo da shi daga kasuwa.

"Goggo," ya ce ƙasa-ƙasa, ya manta ba ta jin irin wannan maganar. Amma ta ga bakinsa.

Na uku ya fara. Goggo ta saurara kaɗan, leɓunanta suna motsi. Sai ta ɗaga yatsa.

"Ga ta nan."

Ya sunkuyar da kai. Muryar ta yi ta tafiya, mai nauyi, mai natsuwa, shi kuma hawaye na ɗiga a kan tabarma a gaban maƙwabta, bai damu ba. Tun da ya yi wayo yake kewar uwar da bai san kamarta ba, yau ya samu abin kamawa. Matan suka yi ta "Allah sarki," har da waɗanda dariya ta kawo su. Da faifan ya ƙare ya share fuska, ya ɗaga murya ya ce, "To ke fa, Goggo, wace ce taki?"

"Tawa ai ka gaji da jin ta," ta ce. "Kashe abin nan haka, ya sa mini ciwon kai."

Da ta gama ganin likita ta koma gida, ta bar masa faifan. Damina ba ta fita ba aka aiko cewa ta rasu. Ya je, aka yi zaman makoki, ya dawo a rame. A hanya abin da ke sanyaya masa rai shi ne ya yi sauri, ya kuma zaɓi na'ura mai kyau, don da ya biye wa 'yar boko da ko yanzu yana cikin duhu.

An cire ƙyaure an shigar da na'urar ɗaki, ta cinye wurin da Juwairiyya ke jera kwanoni. Da Thaddeus ya ji ƙishin-ƙishin ya tambaya, Ɗangoggo ya ce ajiyar wani kwastoma ce. Daga nan kowace Juma'a in ya dawo daga masallaci sai ya rufe ƙofa, ya sa faifan, ya jure baiti biyu, ya zauna wa na uku. A kan wannan muryar ya gina mace sukutum. Doguwa ce, mai jiki, mai tafiya a hankali, wadda in ta faɗi magana ba ta maimaitawa. Ya riƙa gaya wa 'ya'yansa cewa kakarsu mace ce mai kwarjini, ba irin matan yanzu masu murya kamar usur ba. Juwairiyya ta san da wa ake. Da aka haifa masa 'ya ya sa mata Hussaina, yarinya ta tashi siririya mai tsiwa da 'yar murya, ya ce suna kawai ta ɗauko. Shi kansa ya rage saurin magana, ya ƙara wa muryarsa kauri, don ya gano ashe abin gado ne.

Ya kuma zama masanin garmaho. Da shekaru suka tura aka fara samun 'yan gayu daga Maitama da Asokoro suna neman tsofaffin kayan kiɗa don ƙawata falo, in sun zo rumfarsa sai ya gyara zama. "Ka fara ɗagawa," yakan ce wa sabon shiga. "In ka iya ɗaga shi, ajiye shi." Da yawa sun bi shawararsa, Allah kaɗai ya san yadda suka ƙare.

Aka yi rusau, rumfunan bakin titi suka tashi, shi da Thaddeus suka koma Mararaba suka sake kafa rumfa jikin rumfa. A lokacin furfura ta ci gemun Ɗangoggo, ya je Makka ya dawo, ana ce masa Alhaji. Wata Juma'a ya ɗora faifai, na'urar ta yi ɗan ruri, faranti ya ƙi juyawa. Ya buga gefenta, ya canza soket, ya bar ta ta huta, ba ta tashi ba. Da wata Juma'ar ta zo ta wuce shiru, ya ji kamar an sake yi masa rasuwa. Ya sa aka sake cire ƙyaure, aka kai ta rumfar Thaddeus. Ya ce kwastoman nan ne ya aiko.

Thaddeus ya daɗe da sanin kwastoman. Ya kwance bayanta, ya zaro wata 'yar roba da ta tsinke, ya ce ƙaramin aiki ne. Ya sa wata, faranti ya juya.

"Sai dai ba ni da plate na testing, Alhaji. Ka ce ma kwastoman ya ba da ɗaya."

Washegari da hantsi Ɗangoggo ya zo da jaka a ƙarƙashin riga. Ya tsaya har wani mai talabijin ya gama ƙorafinsa ya tafi, sannan ya warware zanen. Thaddeus ya karɓi faifan, ya auna shi a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa gefensa da farce, ya gyara tabarau ya dubi rubutun tsakiya da ya kusa gogewa.

"Da wannan machine ake jin wannan plate?"

"Shekara da shekaru."

"Haba, Alhaji. Wannan ai seventy-eight ne, irin na da. Shi yana son gudu sosai. Machine ɗin nan ba ya kai wurin, iyakarsa forty-five. Komai zai fito a kwance, yarinya ma zai koma ƙato."

Ya faɗi haka ne ba da wata manufa ba, yana laluben ƙarƙashin benci. Ya jawo wani ƙaramin akwati da ƙura ta rufe, wanda wani ya kawo gyara bai dawo ba. Ya hure shi, ya juya kan allurar, ya tura wani ɗan ƙarfe zuwa lambar ƙarshe.

"Ji yadda yake."

Tafi ne ya fara fitowa, mai sauri, sai ga 'yan mata. Yara ne, muryoyinsu sirara, suna rige-rigen shiga amshi, ɗaya har dariya ta kusa ƙwace mata. Babu doguwar mace mai nauyi a cikinsu ko ɗaya. Ɗangoggo ya dafa benci ya zauna. Baitin farko ya wuce kafin ya gyara zama, na biyu ya bi shi. Ya riƙe numfashi, don ko ba komai ya san gurbin tasa.

Na uku ya shigo, tsikar jikinsa ta tashi. Ya san muryar nan. Ita ce ke kiransa daga dandali in tuwo ya sauka, ita ce ke yi masa faɗa in ya yaga riga, ita ce ya yi ta ji ta cikin baya tun yana goye. An cire mata shekaru da ciwo da gajiya, amma ita ce, har da yadda take jan ƙarshen kalma ta hanci. Goggo ce tana 'yar budurwa, tana waƙa kamar babu abin da zai taɓa samun kowa.

Na huɗu ya zo ya wuce, faifan ya ƙare, allura na ta zagaye a tsakiya.

Ya zauna yana haɗa abin. A ranar nan a tsakar gida Goggo ba ta gane kowa ba, kuma babu yadda za a yi ta gane, tunda ƙarti aka kunna mata. Abin da kawai ta kama shi ne kalmomin baitinta, don ita ta rera su. Ta ga na'urar da ya wahala ya kawo, ta ga taron, ta ga fuskarsa, sai ta ba shi abin da ke hannunta. Ko kuma ba haka ba ne, tambayarsa ta wace ce uwarsa ta amsa yadda ta ga ya dace. Ba zai taɓa sani ba. Hussaina dai tana nan cikin sauran ukun, tana tafi, kuma duk wanda zai iya nuna ta yana ƙarƙashin ƙasa. Babu wanda ya cuce shi, shi ya yi cinikin da kansa. Haushin kansa ya cika shi, sai wata kewa ta biyo baya da ta fi haushin nauyi, kuma ga mamakinsa ba ta wadda ya rasa yau ba ce. Goggo yake son gani.

Thaddeus ya ɗaga allurar. Ya dubi fuskar maƙwabcinsa, ya ajiye zancen kwastoma.

"Alhaji, akwai naka a ciki ne?"

"Uwata," in ji Ɗangoggo.

"Allah sarki. Wanne daga ciki?"

Ya daɗe yana kallon baƙin faifan. A waje motocin Keffi suna ta hon, wata mai lemo tana talla.

"Ta ukun," ya ce.

"Muryarta akwai daɗi," in ji Thaddeus.

"Akwai," ya ce. "Mayar da shi farko."